Ƙasashe Nawa Suka Cancanci Zuwa Kofin Duniya na Kurket?

A shekarar 2027 Gasar Cin Kofin Duniya ta kurket ta maza za ta dawo nahiyar Afirka, karo na farko tun 2003, inda Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya za su karɓi baƙi. Ƙasashe 14 ne za su fafata, bayan gasa biyu a jere, ta 2019 a Ingila da ta 2023 a Indiya, da aka taƙaita wa ƙasashe goma kacal. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, inda adadin ƙasashe ya riƙa hawa daga 16 zuwa 24 zuwa 32 har ya kai 48 a 2026, zai yi mamakin jin cewa akwai wasan da ya shafe shekaru yana rage baƙinsa alhali mambobin majalisarsa ta duniya, wato ICC, sun haura ɗari. Wannan ragi ya haifar da gardama mai zafi tsakanin masoya wasan, kuma ƙarin da aka yi na ƙasashe huɗu bai kashe ta ba, domin hujjojin da suka sa aka rage ɗin suna nan da ransu, kuma wata rana za a sake ɗauko su. Ra'ayina shi ne rage gasar zuwa ƙasashe goma kuskure ne da ya cutar da wasan. Sai dai masu goyon bayan ragin ba mutanen banza ba ne, suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su har su kai aya kafin a ba su amsa.

Ga wanda bai san wasan sosai ba, kurket iri uku ne. Akwai na asali da ake kira Test, mai ɗaukar har kwana biyar, wanda ƙasashe 12 masu cikakken zama a ICC ne kaɗai ke bugawa. Akwai na yini ɗaya, inda ake ba kowane ɓangare zango 50, kowane zango kuwa jifa shida ne, wato jifa 300 ke nan da masu bugu za su nemi maki a cikinsu, muddin ba a fitar da mutum goma daga cikinsu ba kafin nan. Sai kuma T20 mai zango 20, wanda ake gamawa cikin kusan awa uku. Kofin Duniya da ake magana a kai na yini ɗaya ne, kuma shi ne mafi daɗewa da daraja. An fara shi a Ingila a 1975 da ƙungiyoyi takwas, cikinsu har da Siri Lanka da wata haɗakar 'yan wasan Gabashin Afirka, waɗanda duk ba su da cikakken zama a lokacin. Adadin ya zama tara a 1992, 12 a 1996, 14 a 2003, har ya kai 16 a 2007, lokacin da West Indies, haɗakar ƙasashen yankin Karibiyan, ta karɓi gasar. A can ne labari ya sha bamban. An raba ƙasashen rukuni huɗu, huɗu-huɗu, biyun farko su wuce. Ranar 17 ga Maris, Bangladash ta doke Indiya a Tirinidad, Ailan kuma ta doke Pakistan a Jamaika. Manyan biyu, waɗanda su ne suka fi kowa masu kallo, suka koma gida bayan wasa uku-uku. Karawar da aka sayar da tikiti da talla dominta a Babados, da zaton Indiya ce da Pakistan, sai ta zama Ailan da Bangladash. Tun daga ranar masu tsara gasar suka ƙudurta cewa ba za a sake ba. A 2011 suka sanar da cewa gasar 2015 ta ƙasashe goma ce, aka yi musu ca har suka janye, amma a 2019 suka aiwatar.

Hujjar farko ta masu son taƙaitawa ita ce inganci. Suna cewa Kofin Duniya dandalin gwanaye ne, ba makarantar koyon wasa ba. A ƙwallon ƙafa, ƙaramar ƙasa kan iya tare gida minti casa'in ta tashi canjaras, ko a ci ta biyu da nema a watse. A kurket na yini ɗaya babu wurin ɓuya, domin wasa ne na kusan awa takwas, kuma idan tazara ta yi yawa ana gane wanda zai yi nasara tun cikin awa guda, sauran yinin ya zama jiran gawon shanu. Misalan da suke kawowa gaskiya ne. A 2003 Siri Lanka ta fitar da dukkan masu bugun Kanada da maki 36 kacal. A gasar dai, Namibiya ta tattara 45 tana bin Ostireliya da ta yi 301. A 2007 Indiya ta yi wa Bamuda maki 413, kuma ɗan Afirka ta Kudu Herschelle Gibbs ya fitar da jifa shida a jere waje da fili a zango guda na wani ɗan Holan. A 2011 Kenya ta ƙare da 69, Niu Zilan ta cim mata cikin zango takwas. Irin wannan kaye, in ji su, ba ya koya wa wanda aka lallasa komai sai karayar zuciya, kuma yana korar mai kallo. Suna ƙarawa da cewa tsarin ƙasashe goma, inda kowa ke karawa da kowa kafin huɗun farko su wuce, shi ne mafi adalci, domin tuntuɓen rana ɗaya ba ya kashe ƙungiya, wanda ya wuce kuma ya wuce ne da guminsa. Gasar 2019 da aka yi a kan wannan tsari ta ƙare da wasan da ba a taɓa ganin irinsa ba, Ingila da Niu Zilan suka yi kunnen doki a filin Lord's, aka ƙara musu zango guda suka sake yin kunnen doki, sai da aka ƙirga wanda ya fi kai ƙwallo iyakar fili sannan Ingila ta ɗauki kofin.

Hujja ta biyu ba a cika furta ta a fili ba, amma ita ce uwa, kuma ita ce ta fi wuyar amsawa: kuɗi. Kusan duk abin da ICC ke samu daga sayar da haƙƙin nuna gasanninta yake fitowa, kaso mafi tsoka na wannan kuwa daga kasuwar Indiya ne. Haƙƙin nuna gasannin ICC a Indiya kaɗai daga 2024 zuwa 2027 an sayar da shi a kan kusan dala biliyan uku. Kamfanin da ya zuba irin wannan dukiya yana so ya san sau nawa Indiya za ta fito a talabijin. Tsarin 2007 ya lamunce masa wasa uku, na 2019 ya lamunce masa tara. Daga wannan asusu ne kuma ake biyan masu horarwa a Kigali da Katmandu, ake sayen kayan wasa na yara a Legas, ake ɗaukar nauyin gasannin share fage na nahiyoyi. Saboda haka mai kare taƙaitawa zai ce wa ƙaramar ƙasa: kujerar da kike nema a teburin, idan aka ba ki, tuwon da ake raba muku duka ne zai ragu. Wannan magana tana da nauyi. Duk wanda ya yi watsi da ita don kawai ba ta da daɗin ji, bai shiga muhawarar ba tukuna.

To amma a ɗauki hujjojin ɗaya bayan ɗaya. An riƙa cewa gasa mai ƙasashe da yawa tana da tsawo har a gaji. Ta 2007 mai ƙasashe 16 ta ƙunshi wasa 51 cikin kwana 47. Ta 2015 mai 14 ta ƙunshi wasa 49 cikin kwana 44. Ta 2019 mai goma kuwa wasa 48 aka buga cikin kwana 46. Ke nan an kori ƙasashe shida amma tsawon gasar bai gusa ba, abin da aka yi kawai shi ne an kwashe wasannin ƙanana an ƙara wa manya. Batun kaye mai muni ma ba ƙananan ƙasashe kaɗai ya shafa ba. A gasar 2023, wadda aka tace aka bar goma, Indiya ta fitar da Siri Lanka, tsohuwar zakarar duniya, da maki 55, ta kuma fitar da Afirka ta Kudu da 83. Ingila mai riƙe da kofin ta sha kashi a wasa shida cikin tara. Ba wanda ya ce a hana su zuwa gasa ta gaba. Idan babba ya faɗi warwas a ce ranar ce ba tasa ba, idan ƙarami ya faɗi a ce bai cancanta ba, to mudu biyu ake awo da shi. Tsarin kowa-da-kowa kuma, duk da adalcinsa, yana da nasa aibi: da zarar an gane huɗun da za su wuce, sai a shafe kwanaki ana buga wasannin da ba su da tasiri a kan komai, kuma mai kallo yana gane haka.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙaryar da zato ya sha a filin wasa. An rage gasar ne a kan tunanin cewa tsakanin ta goma da ta goma sha ɗaya akwai rami mai zurfi. A daidai lokacin da ake yanke wannan hukunci, ramin yana cikewa. A 2011 Ailan ta bi maki 327 na Ingila a Bangalo ta wuce su, inda Kevin O'Brien ya yi ɗari cikin jifa 50, mafi sauri a tarihin gasar zuwa lokacin. A 2015 ta doke West Indies da Zimbabuwe da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta tashi da maki daidai da na West Indies a rukuni, lissafin saurin tara maki ne kawai ya hana ta wucewa. Ladan da ta samu shi ne rufe ƙofa. A Maris na 2018 ƙasashe goma suka taru a Zimbabuwe suna neman gurbi biyu. A wasan da zai raba gardama a Harare, Sikotilan ta fitar da West Indies da maki 198, tana cikin bi ruwan sama ya sauko, lissafin ruwa ya ce ta gaza da maki biyar, bayan an fitar da ɗaya daga cikin manyan masu bugunta da hukuncin da aka yi ta jayayya a kansa, a gasar da ba a tanadi sake duba hukunci ta bidiyo ba. Washegari Zimbabuwe, a gaban jama'arta da suka cika fili, ta faɗi da maki uku a hannun Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta rasa Kofin Duniya karo na farko tun da ta fara zuwa a 1983. Wata uku bayan nan Sikotilan ɗin da aka ce ba ta isa ba ta tara 371 ta doke Ingila, wadda ke kan gaba a jerin gwanayen duniya a lokacin. Gasar 2019 ta zama ta farko da babu ko ƙasa ɗaya daga cikin marasa cikakken zama. Kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin a Lord's kuwa, Eoin Morgan, haifaffen Dabilin ne da ya buga wa Ailan gasar 2007 kafin ya koma Ingila neman filin da ya fi faɗi. Haka ƙananan ƙasashe ke asarar 'ya'yansu idan suka ga hanya ta toshe a gida. A 2023 wuƙar ta juyo kan West Indies kanta, zakarar 1975 da 1979, wadda Zimbabuwe da Holan da Sikotilan suka doke a share fage, aka yi gasar babu ita. Holan da ta kai bantenta ta je Indiya ta doke Afirka ta Kudu da Bangladash.

Masu cewa Kofin Duniya ba makaranta ba ne sun manta inda wasu gwanayen yau suka yi karatu. Siri Lanka ta shiga gasar 1975 a matsayin baƙuwa ta sha kashi a duk wasanninta uku. A 1979 ta doke Indiya, a 1981 aka ba ta cikakken zama, a 1996 ta ɗauki kofin a Laho, da salon bugun gaba-gaɗi tun daga jifan farko wanda ya sauya yadda kowa ke buga wasan. Bangladash ta doke Pakistan a gasar 1999, shekara guda bayan haka ta samu cikakken zama, yau kuma tana cikin ƙasashen da suka fi cika fili da masu kallo. Indiya ma da ake tinƙaho da kasuwarta, wasa ɗaya tak ta ci a gasa biyun farko, shi ma a kan Gabashin Afirka, kafin Kapil Dev da abokansa su ba duniya mamaki a 1983. Wannan nasara ta ba-zata ce ta kunna wutar son wasan yini ɗaya a Indiya, wadda yau duk duniyar kurket ke jin ɗuminta. Labarin Afganistan ya fi kowanne bayyana abin. 'Yan wasanta na farko a sansanonin 'yan gudun hijira na kewayen Peshawa suka koyi wasan. A 2008 tana rukuni na biyar na ƙananan ƙasashe. A 2015 ta samu nasararta ta farko a Kofin Duniya, a 2019 ta faɗi duka tara, kuma a lokacin an samu masu cewa ga abin da muke faɗa. A 2023 ta doke Ingila da Pakistan da Siri Lanka da Holan. Da a ce an yanke mata hukunci da sakamakon 2019, da an yi asarar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙayatar da gasar da ta biyo baya. Ba a iya ninƙaya a tudu, haka nan ba a koyon tarar jifa mai gudun kilomita 150 a awa sai a gaban mai jifan.

Akwai amsa mai wayo da masu taƙaitawa suka samu a 'yan shekarun nan. Suna cewa an riga an magance kukan ƙananan ƙasashe ta wata ƙofar. Tun daga 2019 duk wasan T20 tsakanin mambobin ICC na maza yana da matsayin wasan ƙasa da ƙasa, kuma Kofin Duniya na T20 ya koma ƙasashe 20 daga 2024. Sakamakon ya yi kyau ƙwarai. Amurka ta doke Pakistan a Dalas, Yuganda da ta sha gaban Zimbabuwe a share fagen Afirka ta samu nasararta ta farko a kan Papuwa Niu Gini, Nepal ta faɗi da maki ɗaya kacal a hannun Afirka ta Kudu, Afganistan ta kai wasan kusa da na ƙarshe bayan ta doke Niu Zilan da Ostireliya. Gajeren wasa yana rage tazara, domin mutum ɗaya da hannunsa ya faɗa daidai na rabin awa zai iya juya sakamako. Ga shi kuma da T20 ne kurket zai koma gasar Olamfik a Los Anjalas a 2028. Don haka, in ji su, a bar T20 ya zama ƙofar kowa, a bar na yini ɗaya ga manya. Na yarda da rabin wannan magana: T20 shi ne hanya mafi sauƙi ta shigar da wasan sabuwar ƙasa, ba ya cin lokaci, ba ya cin kuɗi sosai. Inda na rabu da su shi ne a kan mayar da ƙofar shiga ta zama iyakar tafiya. A zango 20 mai bugu ba ya koyon haƙurin tsayawa awa uku yana gina maki, mai jifa ba ya koyon ɗana wa abokin karawa tarko a zango goma. Wasan yini ɗaya shi ne gada tsakanin gajeren wasa da na kwana biyar, kuma ta kansa Siri Lanka da Zimbabuwe da Bangladash da Ailan da Afganistan duk suka haura. Wanda ya sare gadar ya yanke cewa ƙasashe 12 ɗin nan su ne na ƙarshe har abada. Bugu da ƙari, a yanzu ƙasashe 20 ne ke da matsayin buga wasan yini ɗaya a hukumance, takwas daga cikinsu, irin su Holan da Sikotilan da Namibiya da Nepal da Oman, suna shafe shekaru suna zagaya duniya a gasar neman gurbi. Ba daidai ba ne a sa mutane wannan wahala sannan a bar musu ƙofa kamar kafar allura.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan ra'ayina daga Afirka take, kuma ba zan ɓoye ta ba. Kenya ta doke West Indies a 1996. A 2003, ƙarƙashin Steve Tikolo, ta doke Siri Lanka a Nairobi, ta doke Bangladash da Zimbabuwe, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ko da yake ƙin zuwan Niu Zilan Nairobi saboda fargabar tsaro ya ba ta maki kyauta. Babu ƙasa marar cikakken zama da ta taɓa kaiwa nan a wannan gasa. Amma shekara goma sha ɗaya bayan haka, a 2014, Kenya ta rasa matsayinta na wasan yini ɗaya, har yau kuma ba ta farfaɗo ba. Ta je Kofin Duniya sau biyar a jere, bai cece ta ba. Wannan ya nuna cewa kujera a gasar, ita kaɗai, ba ta gina ƙasa. Rikicin shugabanci a cikin gida ya ci Kenya, rashin renon matasa ya ci ta, amma akwai na uku wanda laifin manya ne: bayan 2003 ba su riƙa buga wasa da ita a kai a kai ba. Ƙungiyar da ke haɗuwa da gwanaye sau ɗaya a shekara huɗu dole ta zo musu a baƙuwa. Darasin Kenya, a fahimtata, bai ce a rufe ƙofa ba. Ya ce a haɗa buɗe ƙofar da wasanni tsakanin gasa da gasa. An ma gwada haka an ga amfaninsa. Daga 2020 zuwa 2023 ICC ta gudanar da wani lig na ƙasashe 13 wanda ya tilasta wa manya karawa da Holan da Ailan da Zimbabuwe. Holan ta karɓi baƙuncin Ingila da Pakistan da West Indies, ta sha kashi iri-iri, kuma 'yan wasan da suka sha wannan kashin su ne suka kayar da Afirka ta Kudu a 2023. Da aka gama zagaye ɗaya sai aka soke lig ɗin. Wannan sokewa, a ganina, ta rage darajar ƙarin kujeru huɗun da aka yi, domin an ba da dama da hannun dama an karɓe shiri da na hagu.

Saura batun kuɗi. Gaskiya ne Indiya ce ke kawo mafi yawa, kuma ba laifi ba ne mai tsara gasa ya yi la'akari da haka. Amma matsalar 2007 daga tsarin rukuni ta fito, ba daga yawan ƙasashe ba. Rukuni mai ƙasashe huɗu ne ya sa faɗuwa biyu ta kori Indiya. Tsarin 2027, rukuni biyu na ƙasashe bakwai-bakwai, ya lamunce wa kowa wasa shida, gasar duka kuma wasa 54 ce. Ko da an kai 16, rukuni biyu na takwas-takwas zai ba kowa wasa bakwai, idan aka riƙa buga biyu a rana kuma kwanakin ba za su ƙaru ba. Wanda ke son ganin manya zalla yana da gasarsa, domin an farfaɗo da Champions Trophy mai ƙasashe takwas a 2025, aka buga a Pakistan da Dubai. Babu dalilin da zai sa a riƙe gasa biyu masu kama da juna a kira ɗaya Kofin Duniya. Maganar cewa kuɗin da ake karewa na ƙananan ƙasashe ne kuma tana buƙatar a duba yadda ake rabon. A tsarin da aka amince da shi a 2023, hukumar kurket ta Indiya ita kaɗai tana karɓar kusan kashi 38.5 cikin ɗari, yayin da ƙasashe fiye da 90 marasa cikakken zama ke raba kusan kashi 11 a tsakaninsu. Wanda ke karɓar kashi 11 bai kamata a ce shi ne zai sadaukar da kujerarsa don asusu ya cika ba. Sannan dogaro da kasuwa ɗaya haɗari ne ga wasan kansa, domin ranar da masu talla a Indiya suka ja baya, babu wata rumfa da za a fake. Sabuwar kasuwa kuwa ba ta tsirowa sai jama'a sun ga tutarsu a babban dandali. Gwamnati da 'yan kasuwa a ƙaramar ƙasa ba sa buɗe aljihu don gasar share fage, amma da jin Kofin Duniya sai kunne ya tashi. Dubban da ke cika filin Kirtipur a Nepal, har wasu na hawa bishiya don su hango, kasuwa ce da ke jiran a yi mata ƙofa.

Mu ma nan abin ya shafe mu, ko da yake kurket bai kama ƙafar ƙwallon ƙafa a Najeriya ba. Najeriya ta zama mamba a ICC a 2002. Matasanta maza 'yan ƙasa da shekara 19 sun je Kofin Duniya na rukuninsu a Afirka ta Kudu a 2020, a Janairun 2025 kuma 'yan matanta 'yan ƙasa da 19 suka doke Niu Zilan da maki biyu a Maleshiya. Gasannin nan biyu na ƙasashe 16 ne, kuma faɗin ƙofar ne ya ba su damar shiga. Yaran da suka yi wannan za su girma, kuma abin da zai sa su ci gaba da riƙe sandar bugu maimakon su jingine ta shi ne ganin cewa akwai tsani daga inda suke zuwa sama, ko da hawansa zai ɗauki shekara ashirin.

Hukuncina shi ne kada ICC ta sake sauka ƙasa da 14, ta nufi 16 bayan gasar 2031 da Indiya da Bangladash za su karɓa, ta kuma dawo da tsarin da ke wajabta wa manyan ƙasashe buga wasan yini ɗaya da na ƙasa da su kowace shekara. Hukumomin kurket na Afirka, har da ta Najeriya, su haɗa murya a kan wannan a tarukan majalisar tun kafin a rufe cinikin haƙƙin nuna gasanni na gaba, domin a teburin cinikin ake yanke yawan kujeru. Su fara da abin da ke gabansu: a gasar 2027 an ba Afirka ta Kudu da Zimbabuwe gurbi kai tsaye a matsayin masu masauƙi, Namibiya kuwa, da yake ba ta da cikakken zama, an ce sai ta bi layin share fage kafin ta buga wasa a filinta na Winduk.